Yahuza da Muryar Surukinsa

Bangon da ya raba madafin Kubra da ɗakin aikin mijinta bulo ɗaya ne. Duk kiret ɗin ƙwan da Yahuza ya manna a ciki don kada hayaniyar waje ta shiga makirfo, bai taɓa hana ta ciki fitowa ba. Tana tsince shinkafa a faranti ta ji muryar ƙaninta Abdulsamad, wanda ya iso daga Gwaram a babur ya wuce ɗakin kai tsaye, ko leƙo ta bai yi ba.

"Ni ba gardama ta kawo ni ba. Ka cire muryar Baba daga cikin abin nan naka."

"Wace muryar Malam?" in ji Yahuza. "Ɗan Japan ne fa, Abdul. Zane ne ma, ba mutum ba. Malam ya taɓa zuwa Japan?"

"Kada ka mayar da ni yaro. Duk wanda ya zauna a ajin Baba ya san 'ka gane, ko in sake?' Ya san gyaran muryar nan. Ranar kasuwa wani ɗan acaɓa ya tsaya a gabansa ya yi masa ita, mutane suka kwashe da dariya. Tsoho ya juya gida ko cefanen bai yi ba. Majalisa ma ya daina zama."

"Malamai nawa ne ke gyaran murya a Jigawa?"

"Yahuza."

Hannun Kubra ya tsaya a cikin shinkafar. Tun da aka yi aurenta, Abdulsamad bai taɓa kiran mijinta babu "Yaya" ba.

"Ga saƙon da aka ba ni. Bikin Nasiha ya matso. Baba ya ce muddin kana ci gaba da sa muryar nan, kada ka taka masa ƙofar gida. Yaya Kubra ma kada ta taka."

"Ita me ta yi?"

"Shi me ya yi maka?"

Kubra ta ɗauka an gama. Sai ta ji mijinta ya ce, a hankali, "Je ka tambaye shi. In ya ce ya manta, ka ce masa Safiyanu."

Da Abdulsamad ya fito ya tsaya a bakin madafi ya gaishe ta yana kallon tukunya. Ta miƙa masa ruwa, ya ce ba ya jin ƙishirwa, mutumin da ya yi tafiyar Gwaram zuwa Birnin Kudu cikin rana. Ya ce Inna tana gaishe ta, ya tafi.

Nasiha ce autarsu. Kubra ce ta goye ta, ita ta yi mata kitson farko, kuma tun kafin a sa rana ta sayi lallen da za ta ƙunsa mata da hannunta. Lallen yana nan a leda a kan kabad.

Yahuza Maikano mutumin Maruta ne, amma Birnin Kudu ta san shi da Yahuza Mai Fassara. Yana da ɗan shago kusa da tasha, inda yake cajin waya da tura wa mutane fim da waƙa a memori. Ya daɗe yana tura fassarar wasu, ta finafinan Indiya da ake yowa daga Kano, kafin ya sayi makirfo na gwanjo ya ce shi ma zai gwada. Ba shi da abokan aiki. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwa, in kare ya yi haushi ma shi ne. Yakan karanta rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasan hoto, ya watsar da rabi, ya cike gurbin da abin da mutanen nan za su yi wa dariya. In 'yan fim suna cin abinci da tsinke, ya ce taliya ce da manja da yaji. In jirgin ƙasa ya wuce, ya ce na Nguru ne ya makara. Da rana tsaka yake aiki, fanka a kashe saboda ƙararta, bayan ya jira injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru. Yakan fito jiƙe sharkaf kamar daga gona.

Finafinansa na farko ba su yi kasuwa ba. Wanda ya ɗaga shi katun ne na Japan mai dogon zango, labarin 'yan sakandare masu buga wata ƙwallo da ba a taɓa gani a nan ba: ɗaya ya jefa, ɗaya ya maka mata gora ya ruga yana zagaya kusurwa huɗu. Yahuza ya kira ta ƙwallon gora, ya raɗa wa kowa suna. Yaron da ya fi kowa shan wahala a cikin masu jifa ya zama Ashiru. Kocinsu, wani siririn tsoho mai yawo da tawul a wuya, ya zama Malam Tawul. A ƙarshen kowane kashi kuma yakan tsayar da hoto ya yi sharhi da muryarsa ta gaskiya, kuma akwai manyan mutane, masu gemu da 'ya'ya, da ba katun ɗin suke nema ba, sharhin suke nema.

Kubra ba ta kallo. Tana da zoɓo da kunun aya da take ƙullawa, kuma me za ta kalla a abin da take jin gutsattsarinsa ta bango kullum? Ta sha jin muryar kocin nan. Ta yi mata dariya ma. Akwai abin da ta sani a cikin muryar tun ranar farko, ta ƙi tsayawa ta gane shi, don ta san in ta gane dole ta yi magana.

Ranar da Abdulsamad ya tafi ta ɗauki tsohuwar wayar gidan, ta zauna a ƙarƙashin rumfa ta fara daga farko. Da kashi ya ƙare, hoto ya tsaya, sai muryar mijinta ta fito.

"Jama'a, ku ji gaskiyata a kan fim ɗin nan. Jan rai ya yi masa yawa. Ƙwallo ɗaya za a jefa, kafin ta isa hannun mai kamawa sai an nuna mana yarintar mai jifan, da kakarsa, da ranar da ya faɗo daga keke. Mace za ta ɗora sanwa ta sauke, ƙwallo tana sama. Sannan ga kuka. An ci su kuka, sun ci kuka, har ƙasar filin suke ɗiba a jaka su kai gida. Mu nan in aka ci mu alƙalin wasa muke nema, shi ma ya sani, shi ya sa yake ajiye babur ɗinsa a bakin hanya. Amma mai zanen nan ya san abu ɗaya. Ya san yaron da yake riga kowa zuwa fili. Ku dubi Ashiru. Shi ke shara, shi ke ɗinke ƙwallo, tun yana sabon shiga. Ku dubi yadda yake bin Malam Tawul da ido, kamar ɗan akuya da mai dusa. Ni dai ina gaya muku, duk malamin da ya bar yaro yana kallonsa haka, yana sane. Ajiye shi yake yi don wata rana."

Ta yi ta tsallakawa har ta kai kashin da ya fito na baya-bayan nan, ranar wasan ƙarshe. Malam Tawul ya kira Ashiru gefe, an ba wani sabon yaro gurbinsa. Tsohon zanen ya yi gyaran murya, sai ga mahaifinta, Malam Gwadabe, sak, har da yadda yake jan numfashi ta hanci kafin ya yanke hukunci.

"Kai mutumin, yau za ka huta. Makaranta ta fi ka. Ka gane, ko in sake?"

A duk sauran wuraren Yahuza ba ya barin magana ta wuce bai liƙa mata barkwanci ba. A nan bai liƙa komai ba. Da lokacin sharhi ya zo, cewa kawai ya yi, "Yau ba ni da abin cewa," ya kashe.

Da ya dawo cin abincin rana washegari, ta bari ya kai loma uku bakinsa sannan ta ce, "Baban Kausar, wane ne Safiyanu?"

Ya ajiye cokali. Bai tambaye ta inda ta ji sunan ba. Shi ma ya san bangon.

A makarantar kwanan da ya yi a Gwaram, Malam Gwadabe ne malamin lissafi, shi ne kuma mai kula da wasanni. Yahuza gola ne. Babu safar hannu, ta ƙafa yake zurawa. Kafin kowa ya iso fili ya riga ya tsince tsidau daga bakin raga, don shi ne mai faɗuwa a kai. A shekararsa ta ƙarshe suka kai wasan ƙarshe na gasar makarantun yankin, wanda za a buga a Birnin Kudu, aka kuma ce mutane za su zo daga Dutse su zaɓi 'yan wasan jiha. Yahuza ya aika Maruta. Mahaifinsa Maikano, wanda bai taɓa ɗaukar ƙwallo da wani abu da ya wuce shiririta ba, ya bar noman farko rabi, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauko abokansa biyu suka shigo mota.

Sojan haya ba baƙon abu ba ne a irin wannan gasa. Makaranta takan ɗauko ƙaton ɗan wasa daga gari, wanda ya bar aji tun tuni ko bai taɓa shiga ba, a sa masa riga ya buga a matsayin ɗalibi. Kowa yana yi, kowa yana zargin kowa. Sai dai a shekarar masu shirya gasar sun matsa, sun karɓi sunayen 'yan wasa tun farko, don haka duk wanda aka ɗauko dole ya shiga da sunan wani. Malam Gwadabe ya ɗauko Safiyanu, wani bakanike daga Kano. A bayan motar makaranta aka aske masa gemu da safen. Tsayinsu ɗaya da Yahuza.

"Ya ce in cire rigar in ba shi," in ji Yahuza. "Ya ce in zauna a cikin mota in rufe gilashi, kada 'yan ɗaya makarantar su gan ni su tona. Na zauna."

Daga cikin motar yana jin lasifika. Duk ƙwallon da Safiyanu ya cafke, mai sanarwa sai ya kira Yahuza Maikano, ya ja sunan, mutane su yi ihu. A bakin fili abokan Maikano suka fara tafi, suna dukan kafaɗarsa. Can ɗayansu ya kare rana da hannu ya ƙura wa raga ido, ya ce, "Maikano, wannan ɗanka ne?"

Sun ci kofi. Ana yawo da kofin a fili Maikano ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya har ya sami ɗansa a kujerar baya, daga shi sai singileti. Ya daɗe yana kallonsa ta gilashi. Da Yahuza ya buɗe, abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka faɗa mini, da na ƙarasa noman." Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Mutanen Dutse sun nemi Yahuza Maikano, Malam ya ce musu ya ji rauni a gwiwa. A Maruta kuwa aka sa masa suna Yahuzan Lasifika, kuma shi ya sa har yau in ya je gaisuwa ba ya kwana.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Mahaifinki ne."

"Amma ka gaya wa duk Birnin Kudu da Gwaram."

"Ban gaya wa kowa ba. Su dariya suke yi. Mutum ɗaya ne ya san abin da nake faɗa." Ya ja farantin ya sake turewa. "Ya ari sunana wuni guda bai tambaye ni ba. Ni ma na ari muryarsa."

"Ni kuma aka hana ni gidanmu."

"Shi ya hana ki."

"Kai ka ba shi dalili."

Ya tashi ya wanke hannu, ko da yake da cokali ya ci.

Abin da ya fi damun Kubra a kwanakin da suka biyo ba labarin motar ba ne. Nata labarin ne. Tana budurwa ta zo Birnin Kudu wurin goggonta, ta kai waya caji shagon Yahuza. Ya ji harshenta ya tambaye ta 'yar wane gida ce a Gwaram. Da ta ce Malam Gwadabe, sai ya riƙe wayar ya daɗe yana kallonta, ita wayar, sannan ya cika mata ita da waƙoƙi ba ta roƙa ba. Ta sha ba ƙawayenta wannan labari a matsayin na wanda ya gan ta sau ɗaya ya rasa ta cewa. Yanzu ta juya shi ta ɗaya fuskar, ya zauna daidai kamar yadda ya zauna a ta farko.

Ga kuma Baba. Lokacin akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da yake nemanta, mai albashi da gidan kansa. Inna Indo, mahaifiyarta, shi take so. Amma ranar da magabatan Yahuza suka zo, Baba ko cewa bai yi a ba shi lokaci ya yi bincike ba, mutumin da ko akuya zai saya sai ya san uwarta. Ya ce, "Ɗalibina ne, na san shi. A ba shi." Kubra ta yi kukan murna a ɗaki, ta ce Baba ya dubi zuciyarta. Tun daga nan mutanen biyu suke gaisawa cikin mutunci a kowace sallah da kowane suna. Yahuza yana durƙusawa har ƙasa. Bai taɓa ce masa Baba ba, Malam yake cewa, ita kuma ta ɗauka sabon makaranta ne.

Kashi ɗaya ya rage katun ɗin ya ƙare, Yahuza ya ƙi fitar da shi. Kullum sai an zo shago an tambaya. Biki yana ta matsowa, Nasiha ta kira tana kuka, Inna Indo ta karɓi wayar ta ce, "Ki lallaɓa mijinki. Babanku ba zai sauko ba, kin san shi." Ba ta tambayi me ya haɗa su ba, kuma daga rashin tambayar Kubra ta gane ta sani.

Wata rana bayan azahar injin markaɗe ya yi shiru, Kubra tana ƙulla zoɓo, sai ta ji gyaran muryar Baba ta bango.

"Malam Maikano, na zalunci ɗanka. Ka yafe mini."

Aka sake. Wannan karon a tsawace, kamar mai bayar da umarni. Aka sake, murya tana rawa. Aka sake, ƙasa-ƙasa. Kubra ta girma a gidan Malam Gwadabe, ta ga ya mari Abdulsamad a kan laifin da ba nasa ba, ta ga ya gane daga baya ya sayo masa takalmi. Ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba, ga shi yau tana jin ta ta kowace irin siga, daga ɗakin da ta san ba ya ciki.

Ta tura ƙofar. Zafin ɗakin ya doke ta. A fuskar kwamfuta Malam Tawul ya jingine kekensa a bakin wata gonar shinkafa, ya cire tawul daga wuyansa, ya durƙusa cikin taɓo a gaban mahaifin Ashiru, goshinsa a ƙasa. Yahuza ya tsayar da hoton, bai juyo ba.

"Wannan za ka fitar?"

"A'a."

"To wa kake yi wa?"

Ya shafa makirfon da babban yatsa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Ni ban ce ka yafe ba," in ji ta. "Ban ma ce ba ka da gaskiya ba. So nake in ƙunsa wa ƙanwata lalle da hannuna. Ban taɓa shiga wata mota ba, ban ari sunan kowa ba."

Kwana kaɗan bayan haka kashin ƙarshe ya fito. Malam Tawul ya yi magana da wata murya lami, irin ta mai karanta sanarwa. Wurin durƙuson Yahuza ya sa masa gajeriyar magana ya wuce. A sharhi ya ce:

"Za ku ji muryar koci ta sauya. Mura ta kama shi, kun san ruwan gonar shinkafa. An kuma ce mini muryarsa ta baya ta yi kama da ta wani bawan Allah. Ba ta kowa ba ce. Wanda ya ji kamar tasa ce, ya yi haƙuri. Batun ƙarshen fim kuma, gaskiya ban yarda da shi ba. Tsohon nan na zane ne, mai zane ya ga dama ya lanƙwasa shi. Ku nuna mini inda kuka taɓa ganin haka. In kun tsallake wurin ba ku rasa komai ba. Da a ce ni aka tambaya, da an tsaya a inda Ashiru ya ninke rigarsa ya mayar."

Masu saye suka ce ƙarshen ba gishiri. Wasu suka ce an ba shi wani abu ya yi shiru. Tsofaffin kasusuwan suna nan a wayoyin mutane, babu mai iya dawo da su, amma Abdulsamad ya kira ya ce Baba ya saurara, ya ce su zo. Kubra ta sauko da ledar lalle daga kan kabad. Ta lura a ƙarshe Baba aka ba haƙuri, a gaban garuruwa biyu.

Ranar ƙunshi Yahuza ya ɗauko ta a babur, 'yarsu Kausar a tsakaninsu. Gero ya fara fitar da kai a gonakin gefen hanya. Suka isa Gwaram.

Ƙofar gidan cike take da mata masu shige da fice da kwanuka. Kausar ta zame ta ruga ciki. Malam Gwadabe yana zaure a kan kujerarsa ta katako, ya rame fiye da yadda Kubra ta bar shi, hularsa ta yi masa yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bayanta. Yahuza ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yahuza, ka zo."

"Na zo, Malam."

"Na ji ka gyara."

"Na gyara."

Da tsohon ya bar ta a nan, da an wuce wurin. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban allo ba ya iya barin darasi bai rufe shi ba.

"Abu na yara, ka riƙe shi har ka fara furfura. Kowace makaranta haka take yi, ka sani. An ci kofi, sunanka aka kira, ba na Safiyanu ba."

"Babana ya ji, Malam."

"Allah ya jiƙan Malam Maikano." Ya gyara zaman hularsa. "Ni na ɗauka mun rufe wannan magana tuntuni. Da ka zo neman Kubra, ba ka ga wanda ke gabanka ba? Me kake da shi lokacin, in ba cajin waya ba? Na ce a ba ka, ko gardamar uwarta ban saurara ba. Me kuma kake so in ƙara maka?"

Kubra tana durƙushe a tsakaninsu, ledar lalle a hannunta. Sai a lokacin Malam Gwadabe ya dube ta. Ya ga fuskarta. Daga cikin gida ana kiran sunanta, an ji ta iso.

"Shiga mana," ya ce da ita. "Ana jiranki."

Yahuza ya yi sallama ya ja da baya ya sa takalminsa. Ta miƙe ta bi shi, ta tsaya a kan dokin ƙofa, inda mata masu wucewa suke gogar kafaɗarta suna yi mata barka da zuwa. Ta jira har wata mai ɗauke da tukunya ta shige.

"Baban Kausar. Na ji nasa. Kai ma haka ka karɓe ni, a matsayin biyan bashi?"

Ya tsaya da makullin babur a hannu. Mutumin da yake da murya ga kowa, ta tsoho da ta yaro da ta kare, ya daɗe yana neman wadda zai amsa da ita.

"Ranar da kika kawo wayar, i," ya ce. "Bayan nan ban san inda abin ya sauya ba, ko ya sauya duka. Ba zan yi miki ƙarya a ƙofar gidanku ba. Shiga ki yi wa Nasiha lallenta. In an gama biki, in kina so in zo ɗaukarki, ki kira ni."